Amanar shekarun ɗalibai

Idan ana maganar shugabancin jami'a a ƙasarmu, an fi kawo zancen gine-gine, da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da jami'o'in waje, da yawan sababbin fannonin da aka buɗe. Ni kuwa na daɗe ina koyarwa a wata babbar makarantar gwamnati a nan Yamai, na riƙe sashe, daga baya aka ɗora mini tsara jadawalin darussa da na jarrabawa a tsangayarmu. Awo ɗaya nake yi wa kowane shugaba: yaron da ya shigo da takardar bak, wato shaidar gama sakandare, a hannunsa, shekara nawa zai yi kafin ya fita da lisans, wato digirin farko? In uku ya yi, shugaba ya yi aikinsa. In ya kai biyar alhali bai taɓa faɗuwa ba, to an ci masa shekara biyu, kuma dole akwai wanda zai amsa tambaya a kansu.

A takarda lissafin a fili yake. Tun da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin CFA, suka amince a 2007 su koma tsarin LMD, wato lisans, masta da dakta, aka yanka karatu zango-zango. Lisans zango 6 ne, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin nauyin darussa ke nan), jimla 180. Masta zango 4. Kowane zango yana son mako 12 zuwa 14 na darasi, sannan jarrabawa, da gyaran takardu, da zaman malamai na tantance sakamako, da jarrabawa ta biyu ga masu bashin wasu darussa. Sau biyu ake wannan zagaye a shekara. A tsohon tsari babbar jarrabawa a ƙarshen shekara take, saboda haka ko an yi asarar wata guda ana iya matsawa a cike. Sabon tsarin ya ninka aikin jarrabawa, amma bai ninka malamai ba, bai ninka zauruka ba, bai ninka ma'aikatan da ke shigar da maki ba. Duk makon da ya zube a zangon farko sai ya tura na biyu gaba, na biyun kuma ya tura shekarar da ke tafe.

Makonnin nan ba a rana ɗaya suke ɓacewa ba. Rajista ta ja kwana goma fiye da yadda aka tsara. Ɗalibai su ƙaurace wa aji kwana uku saboda kuɗin alawus. Suna dawowa malamai su tafi nasu yajin, suna sauka ma'aikatan ofis su ɗauka. Wani malami ya yi tafiya, wani zaure ya zama wurin taron da ba na karatu ba. Ko wanne ka ɗauka shi kaɗai, ƙarami ne, kuma mai shi yana da hujjarsa, sau da yawa ma hujja mai ƙarfi. Sai an tara su a ga wata uku sun tafi. Abin da ke biyo baya kowa a Nijar ya san shi: shekaru su hau kan juna, waɗanda suka ci bak bana su iso su tarar na bara ba su bar aji ɗaya ba, a ce musu su koma gida su jira, ko a cusa su duka a amfi guda, wato babban zauren darasi, wasu a kan benci, wasu a bakin taga.

Wata rana wani dattijo ya zo ofishina daga can wajen Adar, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ni ban yi lakwal ba, amma an ce mini karatun nan shekara uku ne. Damina ta biyar ke nan ina noma babu shi. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wasa yake yi?" Na sa aka ɗauko takardun yaron, na duba zango bayan zango. Na ce masa, "Baba, ɗanka bai taɓa faɗuwa ba, yana ma cikin na gaba-gaba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ya faɗi?" Ban taɓa jin wanda ya yi wa tsarinmu tambayar da ta kai wannan ba, ko a tarukan da ake kiran masana daga waje.

Shekara biyun nan ba a kan takarda kawai suke ba. Gasar shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru, kuma mai digiri yana da hidimar ƙasa ta shekara biyu a gabansa. Gadon da ɗalibi ya riƙe a ɗakin kwana fiye da wa'adinsa, na wani sabon shiga ne da yanzu yake kwana a masallaci ko a gidan ɗan garinsu. 'Yan mata abin ya fi taɓawa. Da yawansu shekara uku aka ba su a gida, da ƙyar ma aka bayar, in lokacin ya cika babu takarda sai maganar aure ta taso, kuma ba kowace ce ke dawowa ba. Na san ɗalibai mata masu kai sosai da muka rasa ta haka, babu ko ɗaya da sunanta ya fito cikin jerin waɗanda suka faɗi.

Inda na fi koyon aiki shi ne ofishin rajista da maki, wanda muke kira sikolarite. Malamai da yawa ba sa taka ƙafa can sai in suna neman wani abu. Akwai wata Hajiya da ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ita ce ta zaunar da ni lokacin da aka ba ni jadawali. Ta ce, "Malam, ku kuna ganin yajin aiki ne ke cin shekara. Zo ka ga abin da ke cin ta." Ta buɗe mini wani babban littafi da take rubuta ranar da aka yi kowace jarrabawa da ranar da makinta ya iso. Wani darasi mako biyu, wani wata biyu, wani har an shiga zango na gaba bai zo ba. Ga shi kuwa ba a zaman tantance sakamako sai maki ya cika. Darasi ɗaya tak in ya maƙale, ɗalibai ɗari bakwai ko dubu suna tsaye, ba su san ko sun wuce ba, ba su san wace jarrabawa za su sake ba. Babu gidan rediyon da zai ba da labarin wannan jinkiri, domin babu wanda ya ƙona taya a kan hanya, amma a shekaru da yawa ya fi yajin aiki ɓarna.

Dalilan jinkirin ma ba ɗaya ba ne, kuma shugaban da ya yi musu kuɗin goro zai yi zalunci. Akwai malamin da aka jibga wa takarda dubu shi kaɗai, ga darussa a wasu azuzuwa suna jiransa. Akwai wanda ya riƙe maki da gangan saboda an shekara ba a biya shi kuɗin awoyin ƙari da ya koyar ba, kuma ya san makin ne kaɗai abin da zai sa a saurare shi. Akwai kuma babban farfesan da ya tafi wani aiki a waje ya bar takardu a kulle cikin kabad. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, saboda sau da yawa shugaban sashe tsohon ɗalibinsa ne. Yaya za ka rubuta wa wanda ya koyar da kai, ya duba kundin digirinka, takardar gargaɗi? A al'adarmu akwai kunya, kuma ni ban ɗauki kunyar nan aibi ba. Abin da na gani yana aiki shi ne ka je gidansa da yamma, ku gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka ce, "Farfesa, yara suna jiran makinka, ko in turo mutum biyu su taya ka?" Mafi yawansu ba sa bari a kai mako. Wanda ya ƙi kuwa, daga nan aikin shugaban tsangaya ne, kuma in shi ma ya noƙe, to kowa a tsangayar ya gane doka ta ƙananan malamai ce kawai.

Shugaban tsangayar da ya fi burge ni ba mai yawan jawabi ba ne. Duk ranar Litinin da safe yakan tara shugabannin sassa da Hajiyar sikolarite da mai kula da zauruka, zama na ɗan lokaci, tambaya uku ko huɗu: wane darasi ne bai fara ba, wane maki ne bai shigo ba, wane zaure ne ya lalace, me ɗalibai ke ƙorafi a kai wannan mako. Makinsa shi ne ke fara shiga, kullum. Ya sa aka liƙa kalandar shekara a allon sanarwa tun makon farko, da ranar kowace jarrabawa, ya kuma ƙi taɓa ta sai da babban dalili da zai iya faɗa a gaban kowa. Manyan azuzuwan shekarar farko ya mai da gyaran takardunsu aikin gayya: a zauna ɗaki ɗaya, malamin darasi ya kawo amsoshi da rabon maki, masu karatun dakta su taya shi, sunayen ɗalibai a rufe, a kawo abincin rana. Abin da ke cin wata biyu ya koma kwanaki. Bai gina ko bango ɗaya ba a wa'adinsa, amma a hannunsa muka fara ganin ɗalibai suna shiga a Oktoba suna gama shekara kafin bak ta gaba ta fito.

Kuɗi kuma nasu lissafin daban ne. Shekarar kasafin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, ta karatu kuwa a Oktoba take farawa. Watannin da makaranta ta fi bukatar kuɗi, na rajista da gyaran zauruka da sayen takardun jarrabawa, su ne watannin da kasafi ya zo ƙarshe. Tallafin gwamnati kashi-kashi yake fitowa daga baitulmali, kuma ba kullum a kan lokaci ba. Shugaban da ya san haka yakan ware kuɗin jarrabawa da na awoyin ƙari tun kashin farko, ya hana kansa taɓa su ko da motar ofis ta tsufa. In kuma ya ga ba za su isa ba, ya kira wakilan malamai tun da wuri ya buɗe musu littafi. Na halarci zama iri biyu. Inda aka ce "ku yi haƙuri, ƙarshen wata za a biya" alhali mai maganar ya san babu, wata na ƙarewa ake shiga yajin aiki, kuma daga ranar ko gaskiya ya faɗa ba mai yarda. Inda aka ce "ga abin da ya shigo, ga abin da ya rage, rabi za mu iya yanzu", an yi faɗa, an ɗaga murya, amma an koma aji.

Wasu tsangayoyi suna neman kuɗin shiga ta hanyar buɗe masta na yamma ga ma'aikata masu biya. Ban ƙi wannan ba, da shi muka sayi injin wuta da na'urar buga takardu. Sai dai na ga yadda yake janye manyan malamai daga azuzuwan shekarar farko, inda aka fi bukatarsu, zuwa inda ake biya nan take. Wajibi ne shugaba ya sa sharaɗi: sai ka sauke darussanka na safe, makinka ya shiga, sannan a ba ka na yamma.

Akwai wani abu da mutanen gari ba su cika ganewa ba. Alawus ɗin ɗalibai ba a hannun shugaban jami'a yake ba, hukumar ANAB ce ke biya. Abinci da ɗakin kwana da motocin ɗaukar ɗalibai na CROU ne, hukumar kula da jin daɗin ɗalibai. Amma ranar da alawus ya yi jinkiri ko tukunya ta tsaya, ajinsa ne ke rufewa. Shugaban da ya ce "wannan ba hurumina ba ne" gaskiya ya faɗa, amma shekararsa za ta zube. Wanda ya san aiki yakan san ranar da ya kamata a biya, ya fara buga waya da zirga-zirga a ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kuɗi tun saura mako biyu, ya kuma tabbata nasa ofishin ya aika jerin sunayen ɗalibai a kan kari, domin wani lokaci jinkirin daga wurinmu yake tasowa: maki bai fito ba, ba a san wa ya wuce ba, ba a san wa za a biya ba. Zancen ya sake komowa kan littafin Hajiya.

Ƙungiyar ɗalibai a Nijar ba abin wasa ba ce, kuma duk wanda zai riƙe makaranta ya kamata ya san tarihinta. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka taso daga Harobanda, unguwar da jami'a take, za su ƙetare gadar Kennedy, uku suka rasu bisa lissafin hukuma. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Har yau ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tunawa da ranar kowace shekara, kuma mai tsara jadawalin da ya sa jarrabawa ranar 9 ga Fabrairu bai san inda yake aiki ba. A watan Afrilun 2017 ma an rasa ran ɗalibi a Yamai lokacin wata zanga-zanga. Yaran da ke zuwa ofis da takardar koke suna ɗauke da wannan tarihi a kansu, suna ganin kansu magada. In ka raina su ka yi kuskure, in ka ji tsoronsu ma ka yi kuskure. A farkon 2018 malamai sun yi kusan wata guda suna yajin aiki bayan an ci zarafin wani malami a harabar jami'ar Yamai, aka kori wasu shugabannin ɗalibai, rikicin ya ci makonni. Ra'ayina a nan bai taɓa canzawa ba: hannu ba ya taɓa malami, ba ya taɓa ma'aikaci, ba ya taɓa ɗalibin da ya zaɓi shiga aji. Amma shugaban da ba ya ganin wakilan ɗalibai sai ranar da suka tare ƙofa, shi ya koya musu cewa tare ƙofa ce hanyar ganinsa. Mu mun riƙa kiransu tun ana tsara kalanda, mu nuna musu makonnin, mu ce ga abin da kwana uku na ƙaurace wa aji ke jawowa a watan Yuli. Ba su daina yaji ba, amma sun fara kawo mana ranakun da za a rama, wani lokaci har Asabar da Lahadi.

Rikicin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2018 zuwa 2019, kan yadda za a samu shugabannin jami'o'i. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta tsaya a kan zaɓe, gwamnati ta ce ita ke ba da kuɗi, ita za ta naɗa. Aka yi ta yajin aiki wata da watanni, a ƙarshe majalisar dokoki ta amince da dokar naɗi a 2019. Ni ina cikin masu son zaɓe, har gobe kuma ina ganin jami'a tana bukatar 'yancin da zai sa malami ya faɗi abin da bincikensa ya nuna ba tare da duban fuskar kowa ba. Amma na zauna ƙarƙashin zaɓaɓɓu, na zauna ƙarƙashin naɗaɗɗu, na ga kowane da tarkonsa. Zaɓaɓɓe yana jin nauyin waɗanda suka jefa masa ƙuri'a, sai ya kasa ce wa abokinsa kawo maki. Naɗaɗɗe idonsa na kan ma'aikatar da ta kawo shi, sai ya kasa ce wa minista zaurukanmu ba za su ɗauki wannan adadi ba. Na kirki a cikinsu, ta kowace ƙofa ya shigo, shi ne mai iya cewa a'a ga wanda ya ɗora shi. Watannin da muka yi muna wannan jayayya kuwa, daga shekarun ɗalibai aka cire su, su da ba a tambayi ra'ayinsu ba.

A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka kafa jami'o'i a garuruwan uku, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Na goyi bayan wannan da zuciya ɗaya. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 17, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba, jami'a ɗaya ba za ta ɗauke ta ba. Yaron Keita ko Bouza ko Madawa yanzu yana iya karanta shari'a ko tattalin arziki a Tawa, a jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, ba sai ya yi tafiyar kilomita fiye da 500 ya zo ya raɓa a Yamai ba. Iyayen da ba za su bar 'yarsu ta zo babban birni ba suna barinta ta je inda kawunta yake.

Sai dai ana gama gini cikin shekara biyu, malami kuwa ba ya samuwa haka. Daga bak zuwa dakta shekara 8 ce in komai ya tafi daidai. Bayan nan sai hawa matakan CAMES, hukumar da aka haifa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda kwamitocinta ke zama kowace shekara su duba takardun malaman ƙasashe mambobi: abin da mutum ya koyar, da binciken da ya wallafa, da ɗaliban da ya duba. Sai wanda ya kai manyan matakai biyu na sama yake jagorantar kundin dakta. Kafin sababbin jami'o'i su samu irin waɗannan, dole su yi aron malamai. Ni ma na yi wannan zirga-zirga: motar asuba daga Yamai, a bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, a karya arewa a Tsernawa. Darasin da ya kamata a shimfiɗa shi cikin wata uku sai a dunƙule shi cikin mako guda, safe da yamma. Ɗaliban suna da ƙwazo, suna rubutu har hannu ya gaji, amma ilimi yana son kwana tsakanin darasi da darasi. Ni kuma da na tafi, ajina na Yamai yana zaune yana jira. Malami ɗaya, kalanda biyu ke rawa saboda shi.

Maganin wannan a wurin matasan malamai yake, kuma a nan ne shugaba ke shiga tsaka mai wuya. Su ne ke ɗauke da manyan azuzuwa, su ne ke gyaran takardu, da su ake aikin gayyar da na yaba ɗazu. In ka sauke musu duk nauyin, kalandar bana za ta tsaya daidai, amma ba za su gama kundinsu ba, ba za su wallafa komai ba, shekara biyar nan gaba takardunsu ba za su wuce a CAMES ba, kai kuma kana nan kana aron malamai. In ka sake su gaba ɗaya, bana ta zube. Abin da muka yi a sashenmu shi ne karɓa-karɓa: kowace shekara a sauƙaƙa wa mutum ɗaya ko biyu zango guda cur, sauran su rufe gurbinsa, a rubuce, kowa ya san nasa lokacin na zuwa. Shugaban da ya fara wannan ya san ba a wa'adinsa za a ga amfanin ba. Ya yi duk da haka, kuma waɗanda aka sauƙaƙa wa a lokacin su ne ke duba kundin wasu a yau.

Kundin tsare-tsare na shekara biyar, wanda masu ba da tallafi ke son gani, na zauna a kwamitin rubuta shi. Yana da amfani in an yi shi da gaske. Alamar na gaske ita ce ya faɗi abin da ba za a yi ba: ba za mu buɗe wannan masta ba sai mun samu malamai masu matakin riƙe shi, ba za mu ƙara fanni ba sai na hannu sun daidaita. Wanda ya lissafa buri talatin, kowane sashe an sa masa nasa don kada ya yi fushi, a kabad yake ƙarewa.

Yawancin abin da muke kira ba-zata ma sananne ne. Kowa ya san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce 40, amfi mai rufin kwano ba ya zaunuwa da rana tsaka. Kowa ya san azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ana iya lissafa inda zai faɗo shekaru masu zuwa. Kowa ya san kogi yana cika, mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa unguwannin Harobanda, a 2024 kuma ruwa ya sa aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Agustan 2023, ofisoshin da suka ci gaba da shigar da maki su ne waɗanda wani ya yi tunanin sa musu faifan hasken rana tun kafin nan. Abin yana sosa mini rai in na tuna Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya shugabance ta daga 1979, ya kuma ƙare rayuwarsa yana bincike a kan makamashin rana. Ya duba abin da ƙasarsa ke da shi a yalwace ya ɗora iliminsa a kai. Bai kamata a ce rashin wuta na ɗage jarrabawa a makarantun da suka gaje shi ba.

Yanzu abin da na fi matsa wa sababbin shugabannin sassa a kai shi ne aikin watan Yuni. Kafin sakamakon bak ya fito, mu zauna mu ƙirga kujerun da ke kowane zaure, da awoyin da kowane malami zai iya ɗauka, da yawan takardun da za mu iya gyarawa cikin mako uku, mu fitar da adadin sababbin ɗaliban da za mu iya kai wa lisans cikin shekara uku. Mu rubuta shi, shugaban tsangaya ya sa hannu, a aika sama. Sau da yawa adadin da ake turo mana ya fi wanda muka rubuta, domin yaran sun ci jarrabawa kuma dole a sama musu wuri, ban kuma ga laifin mai neman yi musu wuri ba. Amma takardar tana sa a yi maganar ƙarin malamai da zauruka tun ana da sauran wata uku, da alƙaluma a gaba. Bana ma mun rubuta, muka ba wakilan malamai kwafi, muka ba na ɗalibai, muka liƙa ɗaya a ƙofar sikolarite kusa da kalandar shekara.